Yadda ake zaɓar darussan makarantar hutu ta yara a ikkilisiya

Wata shekara wani ɗan ikkilisiyarmu da ke aiki a Abuja ya aiko mana da kwali guda na kayan makarantar hutu. Allah ya saka masa, da zuciya ɗaya ya yi. Da muka buɗe a ofishin Baba Fasto sai da kowa ya yi tsit: littattafai masu sheƙi, hotuna kamar su yi magana, faifan waƙoƙi, har da 'yan takardun da ake liƙa wa yara a riga. Ranar Litinin da aka fara babu wuta, janareton coci kuma ya ƙi tashi. Wajen ƙarfe goma hadari ya haɗo, ruwa ya kece a kan kwano, ba mai jin maganar na kusa da shi. Malamar ƙaramin aji tana riƙe da littafin Turanci tana ta fama ta juya shi Hausa a tsaye, darasin kuwa an gina shi ne a kan hawan dutsen ƙanƙara. Wani yaro ya ƙura wa hoton ido, can ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wa ya zubar da gari haka?" Kafin Laraba mun tura kwalin ƙarƙashin tebur, mun koma ga Littafi Mai Tsarki da alli.

Ba laifin littattafan ba ne. Da ma a Amurka aka fara irin wannan makaranta, a ƙarshen ƙarni na 19, don yaran da ke zaune lokacin hutu ba aikin fari ba na baƙi. Mu kuwa a nan ƙasar Zuru dogon hutunmu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, a tsakiyar damina yake faɗowa. Yaron da ake so ya zauna a benci shi ne wanda babansa ke jira a gona da fartanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga wannan shekarar, awon da nake wa kowace manhaja guda ɗaya ne: malaminmu mafi rauni zai iya koyar da ita da Hausa, ba wuta, ana ruwa? In amsar a'a ce, komai kyanta ba tamu ba ce.

Mataki na farko: a ƙidaya yara da malamai kafin a taɓa littafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Mayu, ko a makara farkon Yuni, shugaban sashen yara ya zauna da malaman makarantar Lahadi da rajistarsu. Yara nawa ke zuwa ranar Lahadi? A ƙara musu wani abu a kai, domin lokacin hutu jikoki kan zo wurin kakanni daga Birnin Kebbi da Kontagora da Kaduna, ga kuma yaran maƙwabta da za su biyo ƙarar ganga.

Sai rabon aji. Littattafan waje da shekaru suke rabawa: 3 zuwa 5, 6 zuwa 8, 9 zuwa 12. A fara da hakan, amma kada a tsaya nan. A wurinmu za ka ga yarinya 'yar shekara 11 da ba ta iya haɗa baƙi ba, don rikici ya raba ta da makarantar ƙauyensu shekara biyu, kusa da ita kuma ɗan shekara 7 daga makarantar kuɗi yana karanta Turanci tiryan-tiryan. Manhajar da kowane darasinta ke cewa "a cike gurbi" ko "a rubuta amsa" za ta kunyata ta farkon a gaban ƙannenta, kuma gobe ba za ka gan ta ba. Don haka a rubuta a gaban kowane aji: nawa ne ke iya karatu, da wane harshe.

Malamai ma a faɗi gaskiya a kansu. Waɗanda suka ɗaga hannu a coci daban, waɗanda za su zo kwana biyar a jere daban. Yawanci ɗalibai ne da ke hutu, da matan Zumunta (ƙungiyar matan coci) biyu ko uku, da wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Su ne ma'aunin littafin da za a saya.

Mataki na biyu: harshe, da kuma wace fassara

A coci ɗaya a Zuru akwai yaron da C'lela, harshen Dakarkari, yake ji a gida, akwai ɗan Dukawa, akwai ɗan Fakkawa, in ka gangara Yawuri ga Kambari ga Gungawa, ga kuma 'ya'yan Ibo da Yarabawa 'yan kasuwa. Hausa ce ke haɗa yawancinsu. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne labari da Hausa, ƙananan yara kuma a sa musu wata uwa da za ta maimaita musu da harshen gida. In manhajar ta Turanci ce, a gama fassara ta a rubuce tun kafin a buɗe makaranta. Fassarar tsaye ita ke kashe darasi: malami yana neman kalma, yara suna neman ƙofa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya taɓa haɗa mu rigima ranar rufewa, shi ne ayar haddacewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ba fassara ɗaya ba ce. Akwai tsohuwar ta 1932 wadda kakanninmu suka haddace, akwai ta 1979 da ta fi yawa a hannun mutane, akwai kuma sababbi da matasa ke buɗewa a waya. A tsohuwar ana cewa Yohanna, a ta 1979 Yahaya. Can Misalai, nan Karin Magana. A Yahaya sura 3 aya ta 16 ɗin nan da kowa ya sani, wata ta ce "haifaffe shi kaɗai" da "rai na har abada", wata ta ce "makaɗaicin Ɗansa" da "rai madawwami". Aji biyu suka tashi su faɗi aya ɗaya, kowanne da nasa, wata kaka daga baya ta ɗaga murya ta ce an koya wa jikanta ba daidai ba. A zaɓi fassarar da ake karantawa a bagadin cocinku, a rubuta ayoyin kwana biyar ɗin a kwali da manyan baƙaƙe, kowane malami ya kwafa daga nan.

Mataki na uku: inda ake samo su

A fara da gida. Ikkilisiyoyi irin su ECWA da ke da hedkwata a Jos, da UMCA a Ilori, da Baptist a Ibadan, suna da masu kula da ilimin Kirista, kuma fasto ko sakataren gunduma ya san hanyar da kaya ke bi su iso. Amfanin na gida shi ne an riga an tace koyarwar. Aibinsa kuma, wani lokaci yakan iso a makare, ko ya zo da Turanci zalla. Bayan su akwai ƙungiyoyin da aikin yara da matasa ne sana'arsu, kamar Child Evangelism Fellowship (CEF) da Scripture Union, waɗanda ban da littafi suna horar da malamai. A ganina horon ya fi littafin daraja. Sai kantunan littattafan Kirista, in wani zai je Jos ko Kaduna. Sai na intanet da ake turowa ta WhatsApp, kyauta, wanda ba a san ko wane ne ya rubuta ba. Ba na ƙin sa, amma shi ya fi bukatar mataki na gaba.

Kada a ɗauko guda ɗaya a ce shi ke nan. A tara biyu ko uku a tebur, ko aro ne daga cocin maƙwabta.

Mataki na huɗu: a karanta darasin rana ta uku

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Kowa bango yake dubawa da darasin farko, marubuta kuwa sun san haka, can suke zuba ƙarfinsu. Ni rana ta uku nake buɗewa. In akwai gajiya, a nan take fitowa.

A buɗe Littafi Mai Tsarki a gefe, a karanta wurin da darasin ya ce daga nan ya fito. Abin da ke cikin nassin shi ne ke cikin darasin? Na taɓa ganin darasi a kan yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu, a Yahaya sura 6, wanda daga farko har ƙarshe maganarsa ita ce yara su riƙa raba abincinsu da abokai. Rabawa abu ne mai kyau, amma ba don ita aka rubuta labarin ba. Wanda ya ƙosar da mutum dubu biyar shi ne kan magana, darasin kuwa ya bar shi a gefe kamar baƙo. Haka ake yi wa Dauda da Goliyat: "kai ma ka zama jarumi." Alhali Dauda da bakinsa ya ce yaƙin na Ubangiji ne. Tambayar da nake yi wa kowane darasi ita ce, in yaro ya koma gida mamarsa ta ce "Me aka koya muku?", zai ce "an ce mu yi kirki" ne, ko zai faɗi wani abu da Allah ya yi? Na farkon ko a gida ana gaya masa kullum.

Sai a duba ko kwanakin suna riƙe da hannun juna. Manhaja mai kyau tana da magana ɗaya da take bi tun daga Litinin har Juma'a, kuma tana isa ga gicciye da tashin Yesu daga matattu, ba ta tsaya a labarai masu daɗi kawai ba.

A duba yadda take kiran yara ga tuba. Wasu littattafan sukan ce a sa yara su rufe ido, mai son karɓar Yesu ya ɗaga hannu. Ka gwada wannan a ajin 'yan shekara 6: ɗaya ya ɗaga, duka sun ɗaga, gobe ma su sake ɗagawa, balle in sun ga alewa a tebur. Na fi son manhajar da ke cewa wanda ke da tambaya ya tsaya bayan an tashi, malamai biyu su zauna da shi a fili inda kowa ke gani. Wadda kuma ke tsorata ƙananan yara da wuta har su kasa barci, a ajiye ta.

Akwai dabarar nan ta launuka biyar da masu aikin yara ke amfani da ita wajen bayyana bishara: ruwan zinariya, duhu, ja, fari, kore. Tana aiki sosai ga yaran da ba su iya karatu ba, kuma da ƙyallaye biyar daga shagon tela an gama. Sai dai a kula da baki. A ce "duhu", kada a ce "baƙi shi ne zunubi, fari shi ne tsarki". Yaro yana jin ka, yana kuma kallon fatar hannunsa.

Abin da ya shafi baftisma da jibin Ubangiji da baye-bayen Ruhu, ba hurumin malaman yara ba ne su yanke. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai baftisma, Baptist da ECWA sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. A kai wa fasto littafin da alama a shafukan da ake shakka. Ka ce, "Baba, ga wurare uku, a duba mana kafin Lahadi." In ka miƙa masa littafin gaba ɗaya ba alama, sai bayan an rufe makaranta za ka sake ganinsa.

Mataki na biyar: ya san rayuwar yaranmu?

Abin mamaki, Littafi Mai Tsarki ya fi kusa da yaron Ribah ko Dirin Daji fiye da yaron da aka rubuta wa yawancin littattafan nan. Misalin mai shuka a Markus sura 4, ba sai ka yi masa dogon bayani ba: ya ga tsuntsaye sun tsince iri, ya san abin da ciyawa ke yi wa dawa in an makara da noma. Yaron Yawuri da ya tashi a bakin kogin Kwara ya san taru da kwalekwale, ya san abin da ake nufi da a kwana ana fama ba a kama komai ba. Manhajar da ta bar wa malami fili ya jawo waɗannan ta fi wadda ta cika kowane minti da misalan da sai an fassara su kafin a fassara darasin.

Sai maganar da ba ma son yi. Tun kafin a kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da kuma bayansa, ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. A azuzuwanmu akwai yaran da suka kwana a daji, akwai waɗanda aka kore shanun gidansu a gabansu. Wata shekara muna wasan kwaikwayon Yusufu, aka zo inda 'yan'uwansa suka kama shi suka sayar. Manyan yara suka shigo da sanduna suna ihu, suna jin daɗin abinsu. Wata yarinya da ba ta fi shekara 8 ba ta shige ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwa. Sai da wata uwa ta goya ta ta fita da ita. Ba mu daina koyar da labarin Yusufu ba, don babu labarin da ya fi shi yi wa irin yaran nan magana, amma yanzu da baki ake ba da wannan wurin, a hankali, a kuma yi saurin isa inda aka ce Ubangiji yana tare da shi. Idan kana duba manhaja, ka lura da wasanninta: akwai na kamu, ko ɗaure ido, ko harbi? Ka lura kuma ko tana da wurin da yaro mai tsoro zai ji cewa an san da shi, irin Zabura 23 da 121, ko Yesu da ya tsawata wa hadari.

Wannan ya shafi tsarin lokaci ma. Manhajar da aka gina a kan kwana a sansani ko taron dare ba ta dace da yawancin wurarenmu yanzu ba. Safe zuwa azahar, kowa ya koma gida da rana tsaka.

Mataki na shida: kuɗin da ba a rubuta a bango ba

Kuɗin littafin malami shi ne ƙarami. A lissafa abin da littafin ke nema. In kowane yaro zai karɓi takarda ɗaya kullum, yara 80 a kwana 5 takarda 400 ke nan, kusan rim guda, ban da kuɗin fotokwafi. In ta ce almakashi da gam da fensirin kala ga kowa, a ninka. In ta dogara da majigi, a sa kuɗin man janareto. Sannan a tuna da kunu da ƙosai, ko dafaffiyar masara tunda lokacinta ne, domin yaron da ya fito ba karin kumallo ba ya jin ko Musa ne da kansa ya zo koyarwa. In kuɗi ya gaza, ni takarda nake ragewa, ba kunu ba. Aikin hannu kuwa damina ta riga ta ba mu kayansa: laka tana nan a bayan coci, a gina tumaki da ita, a yi jirgi da kara.

Da wannan lissafin a hannu ake zuwa gaban dattawa, ba da baki kawai ba.

Mataki na bakwai: a gwada kafin a saya da yawa

Wata Lahadi a watan Yuni, a ba malamin da ya fi kowa jin kunya darasi ɗaya daga manhajar da ake so, tun ranar Alhamis. Ya koyar a makarantar Lahadi, kai kuma ka zauna a baya ka yi shiru. Ka duba minti nawa aka yi kafin yara su fara tsungulin juna. Ka duba sau nawa ya sunkuyar da kai yana neman layi. Mako mai zuwa ka tare yara uku a bakin ƙofa ka ce su ba ka labarin. In biyu sun iya, ka samu. Shi ma malamin a tambaye shi a keɓe, "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, za ka iya wannan kwana biyar?" A gaban jama'a kowa "ba damuwa" yake cewa.

In babu wadda ta ci jarrabawa

To sai ku rubuta taku, ba abin tsoro ba ne. Mutum uku da fasto, zama biyu ko uku. Ga wadda muka yi amfani da ita fiye da sau ɗaya, a kan magana guda: Yesu yana neman mu, yana kuma kiyaye mu. Litinin ɓatacciyar tunkiya, Luka 15:1-7. Talata hadari a teku, Markus 4:35-41. Laraba ciyar da dubu biyar, Yahaya 6:1-14. Alhamis Zakka mai karɓar haraji, Luka 19:1-10. Juma'a gicciye da kabarin da aka tarar ba kowa, daga Luka 23 da 24. Kowace rana shafi ɗaya tak ga malami: nassin, magana ɗaya da ake so ta zauna, tambayoyi uku, ayar haddacewa, waƙa, da aikin hannu. Labarin kada ya wuce minti 15 ga ƙanana, 25 ga manya. A ajiye waƙoƙi da maimaita aya a matsayin abin da za a koma gare shi duk lokacin da ruwa ya hana a ji magana, don waƙa ce kaɗai ke iya ja da kwanon cocinmu.

Abu ɗaya da babu littafin da zai yi muku: zagayen gidaje. Muna zaune da maƙwabta Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, 'ya'yansu da namu tare suke wasa, kuma za su biyo su. Kada a rubuta sunan yaron da ba ɗan ikkilisiya ba sai wani babba ya je gidansu ya yi sallama ya faɗi abin da ake koyarwa ɓaro-ɓaro. In uban ya ce a'a, a yi godiya a tafi, zumunci yana nan. A wannan zagayen ne kuma ake jin ranar da iyaye suka sa gayyar noma da ranar kasuwa, sai a kauce musu wajen sa mako.

Ranar da aka rufe, kafin malamai su watse da gajiya, a zauna minti 30 da littafin rubutu guda. Wane darasi ne ya kama, wanne ya faɗi, yara nawa suka zo ranar farko, nawa ranar ƙarshe, me ya ƙare tun Laraba. A haɗa littafin da kwalayen ayoyi da shafukan malamai a leda, a ɗaure, a sa a akwatin ƙarfe. Namu na farko a kan kabad muka bari, da muka nema a watan Mayu gara ta cinye Litinin da Talata.